Me ya kai fosfet kan tsauni, kuma yaya ake gano shi?

Tambaya: "Ni dillalin taki ne. An gaya min dutsen fosfet da ake yin supa da kamfa da shi a teku ya samu, sai kuma na ga hoton inda ake haƙo shi a kan tsaunuka a Amurka, har da dusar ƙanƙara a wurin. Yaya aka yi abin teku ya hau tsauni? Ta yaya masana ke sanin yana wuri tun ba a haƙa ba? Kuma in da gaske ne akwai shi a Sakkwato, me ya hana a haƙa?"

Alhaji, wanda ya ce maka a teku ya samu bai yi ƙarya ba, hoton da ka gani kuma ba haɗi ba ne. Teku ne ya kwantar da shi, daga baya ƙasa ta motsa ta ɗaga shi. Zan ɗauki wuri guda mu bi shi tare, wato kudu maso gabashin jihar Idaho, domin can ne aka fi sani da haƙar fosfet a tsaunuka a Amurka, kuma an haura shekara ɗari ana auna wurin ana rubutawa. In ka gane na Idaho, maganar Sakkwato ba za ta ba mu wahala ba.

Mu fara daga buhun da ke shagonka. Lambobi ukun da ke jikin kamfa, ko 15-15-15 ko 20-10-10, ta tsakiyar ita ce ta fosfet, kuma da ma'aunin da ake rubutawa P2O5 ake lissafa ta. Na lambar farko, wato naitirojin ɗin da ke cikin yuriya, daga iska ake kamo shi a masana'anta. Fosfaros, sinadarin da ke cikin fosfet, ba shi da wannan hanyar, dole sai an fasa dutse. Kusan kowane dutse yana da ɗan kaɗan, amma bai kai ko rabin kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ake haƙa don taki kuwa ana so ya kai kashi 24 zuwa 30 da ɗoriya. Ka ga ke nan sai wani abu ya tara shi wuri guda har ninki ɗari ko kusa da haka. Ma'adinin da ke riƙe da shi sunansa afatayit, ɗan'uwan abin da ke cikin ƙashi da haƙori ne.

Kimanin shekaru miliyan 265 da suka wuce, inda Idaho take a yau gaɓar teku ce, a gefen yamma na wata ƙatuwar nahiya da ta haɗe kusan dukkan nahiyoyin da muka sani. Ruwan can ƙasan teku yana da sanyi, kuma cike yake da fosfaros, don duk abin da ya mutu a sama can yake nutsewa ya ruɓe. Akwai gaɓoɓin da iska ke kore ruwan sama ta yi nesa da shi, sai na ƙasan ya taso ya maye gurbinsa. Da wannan ruwa ya iso inda hasken rana ke kaiwa, sai ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi ta hayayyafa kamar an zuba wa gona taki, kifi ya biyo su. Su mutu, su zube ƙasa, ruɓarsu ta shanye iskar shaƙa da ke ruwan, ƙasan tekun ya zama baƙar laka mai wari. A cikin 'yan santimitocin saman lakar nan fosfaros ke fita daga gawarwakin, wasu ƙwayoyin bakteriya na taimakawa, ya haɗu da kalsiyam da fulorin ya daskare ya zama ƙwayoyi ƙanana, wasu kamar gero, wasu ba su kai ba. Wani masani ɗan Rasha, Kazakov, shi ya fara ɗaura samuwar fosfet a kan tasowar ruwan ƙasan teku a 1937. An gyara bayaninsa a wurare da dama, amma ginshiƙin yana nan, kuma har gobe ana ganin abin yana faruwa a gaɓar Peru da ta Namibiya.

Wannan kaɗai bai isa ya ba da dutsen haƙa ba. Sai an sami abu biyu a kai. Na farko, kada wani babban kogi ya riƙa kwararo yashi da taɓo wurin, in ba haka ba fosfet ɗin zai narke a cikinsu kamar cokalin sukari a randa. Ƙasar da ke gabas da wancan teku busasshiya ce, koguna ba su dame shi ba. Na biyu, sai an yi shiƙa. Ka san yadda mata ke ɗaga ƙwarya su zubo hatsi, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta faɗi wuri guda. To igiyar ruwan ƙasan teku ita ce iskar: lokaci-lokaci ta taso ta kwashe laka mai sauƙi, ƙwayoyin fosfet masu nauyi su zauna. A sake tara laka, a sake shiƙa, dubban shekaru bisa dubbai, kafin a sami kaurin mita guda. Inda aka yi shiƙa sosai nan ne dutse mai kashi 30. Inda ba a yi ba, baƙin dutsen laka ne kawai mai ɗan fosfet a ciki.

Abin da wannan teku ya bari ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 350,000 a Idaho da Montana da Wyoming da Utah da Nevada, wato ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. Masana biyu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Richards da Mansfield, su suka raɗa wa shimfiɗar suna Phosphoria a 1912, daga sunan wani kwazazzabo da ke kusa da garin Georgetown na Idaho.

Sai batun hawa tsauni. Bayan tekun ya kau, wasu duwatsun suka hau kan shimfiɗar har kaurin kilomitoci suka binne ta. Zafin binnewar ya dafa ragowar halittun da ke cikin baƙar lakar, har wani ɓangare na man fetur ɗin da ake haƙa a Wyoming daga nan ya tsiyayo, amma wannan wani zance ne. Daga baya ɓawon ƙasan da ke ƙarƙashin tekun Fasifik ya riƙa kutsawa ƙarƙashin Amurka ta Arewa, yana matsa ta daga yamma, na tsawon miliyoyin shekaru har zuwa wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce. Shimfiɗa tabarma ka tokare bakinta da bango, ka turo ta da ƙafa daga ɗaya bakin. Za ta yi tozo-tozo, wani wurin ta ninke, in ka ƙara ƙarfi wani ɓangare ya hau kan wani. Haka duwatsun suka yi, wasu gundumomin an tura su gabas tafiyar kilomita gommai. Da matsin ya ƙare, sai ƙasar ta shiga miƙewa, ta tsattsage, wani yanki ya zauna ya zama kwari, wani ya tsaya ya zama tsauni. Ruwa da ƙanƙara suka ci saman, gefen shimfiɗar ya leƙo waje. Tsaunin Meade Peak, wanda aka ba ɓangaren da ya fi fosfet sunansa, ya haura mita 3,000.

A nan ne nake so ka riƙe abu guda, don shi ne ya bambanta wannan sana'a da neman zinariya irin na Zamfara. Mai neman zinariya jijiya yake bi, yau ta yi kauri gobe ta ɓace, rabin aikin sa'a ne. Fosfet ɗin teku shafi ne a cikin littafi. An san shafin da ke gabansa, an san wanda ke bayansa, kuma haka yake a jere tafiyar kilomita ɗaruruwa. Gano cewa yana nan ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce an cukuikuye littafin an yayyaga shi, kai kuma sai ka faɗi inda shafin ya nufa a ƙarƙashin ƙasa, kaurinsa nawa, me ke kansa, kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Abin mamaki, masu neman zinariya ne suka fara tuntuɓe da shi a arewacin Utah a ƙarshen ƙarni na 19, kuma wajen 1906 aka fara haƙa a kusa da Montpelier ta Idaho. Dokar haƙar ma'adinai ta lokacin jijiya ta sani da kuma zinariyar yashi, ba ta san shimfiɗa ba, aka yi ta shari'a a kan wane iri ne fosfet. A 1908 gwamnati ta killace filayen, a 1920 aka yi dokar da ta ce haya za a riƙa bayarwa, ba mallaka ba.

To yaya ake binsa? A Idaho jerin a bayyane yake. A ƙasa akwai duwatsu masu tauri, na farar ƙasa da na yashi. A kansu sai baƙar shimfiɗar Meade Peak, kaurinta wajen mita 50. A kanta kuma sai wani dutse mai tsananin tauri da ake kira Rex, irin ƙanƙarar dutsen nan da ake ƙyasta wuta da ita. Baƙar shimfiɗar ta fi maƙwabtanta laushi, ruwa ya fi cin ta, saboda haka da wuya ka gan ta a fili. Abin da za ka gani shi ne doron dutse a nan, doron dutse a can, da wani ɗan kwari mai ciyawa a tsakaninsu yana bin gefen tsauni kamar hanyar shanu. Wannan kwarin shi ne fosfet ɗin. Ko a hoton jirgin sama ana iya bin sa da fensir. Mai bincike maƙwabtan yake fara nema, in ya same su ya san mai gidan yana tsakani.

In ka sauka cikin kwarin, sai ka duba gutsattsarin da ke watse a ƙasa, da ƙasar da dabbobi masu tonon rami suka fitar. Gutsuren fosfet da ya sha iska yana yin wani fari-fari mai ratsin shuɗi a bayansa, cikinsa baƙi ko ƙasa-ƙasa. Ya ɗan fi dutsen laka nauyi a hannu. In ka fasa shi da guduma za ka ji wari kamar na ɗanyen mai, in ka sa ƙaramin gilashin ƙara girma ka ga ƙwayoyin nan a manne da juna kamar ƙwan kifi. Akwai ruwan gwaji da ake yawo da shi a 'yar kwalba, haɗin molibdet da asid, in aka ɗiga a kan dutse mai fosfet sai wurin ya koma ruwan ɗorawa. Amfaninsa ɗaya, ya ce akwai ko babu. Wanda ya ce maka da shi ya gane yawan kaso, ka yi masa murmushi kawai.

Akwai kuma wata alama da ba a gani da ido. Lokacin da afatayit ke daskarewa a laka yakan kama ɗan yuraniyam daga ruwan teku, wajen giram 100 a tan guda, wani wuri sama wani ƙasa. Ba shi da yawa, amma ya isa na'urar auna tururin nukiliya ta ɗaga murya in ta zo kansa. Wannan ne ma ya sa daga 1947 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta tura ayarin masana, McKelvey na gaba, da kuɗin hukumar makamashin nukiliya, suka bi shimfiɗar jiha-jiha suna haƙa ramuka suna auna ta falle-falle. Yuraniyam suka fita nema, amma aikin da suka bari har yau masu fosfet ke cin moriyarsa.

Bayan taswira sai rami. Ana yanka dogon rami kamar na harsashin gini, a gicciye da shimfiɗar, daga dutsen ƙasa har zuwa Rex, a kankare har a iske dutse na asali. Nan za ka ga mita 50 ɗin ba duka ne abin so ba. A gindi akwai wani siririn falle cike da ɓawon kifi da gutsattsarin ƙashi, shi ne alamar ka iso ƙasa. A kansa sai kashin fosfet na ƙasa, wajen mita 10 ko fiye kaɗan. Sai tsakiya, mita 25 zuwa 30 na baƙin dutsen laka wanda kasonsa bai kai ba, zubar da shi ake yi. Sai kashin fosfet na sama, wanda bai kai na ƙasan kauri ba. A cikin kowane kashi ma falle mai kyau ne, falle mara kyau, a jere. Samfurin gaskiya shi ne a sassaƙa ɗan lambatu mai faɗi ɗaya da zurfi ɗaya tun daga gindin falle har kansa, a kwashe duk abin da ya fito, mai kyau da mara kyau, a zuba a jaka ɗaya, a rubuta kaurin. Ba a tsinta. Na sha ganin mutum ya zo da takardar ɗakin gwaji mai kashi 33 yana murna, in ka tambaye shi sai ka tarar dunƙule mafi kyau ya zaɓa da hannunsa ya kai. Takardar ba ƙarya ta yi ba, amma dunƙulen nan ta auna, ba filin ba.

Rami bakin shafin kawai yake nuna maka. Sauran sai da injin haƙa, ɗan'uwan na burtsatse. Wani yana niƙa dutsen ya huro gari da tsakuwa, ya fi sauri da araha. Wani yana yanko shi sanda-sanda a jera a akwati, ya fi tsada amma da shi ake ganin kowane falle a mazauninsa. Da an gama rijiya sai a zura na'urar auna tururin nan a igiya, tana hawa tana zana layi, inda layin ya yi tsalle nan fosfet yake. Da zanen rijiya biyu a gefe da gefe, gwani zai nuna maka falle iri ɗaya a cikinsu ko da kilomita ce a tsakani.

A tsauni nan ne ake tafka kurakuran da ke cinye kuɗi. Ɗauki falle mai kaurin mita 3 wanda ya karkata digiri 60. In ka haƙa rijiya a miƙe daga sama, mita 6 za ka yi a cikinsa kafin ka fita. Wanda bai auna karkatar ba zai rubuta mita 6, ya ninka dukiyar a takarda. In fallen ya tsaya ƙyam, rijiyar za ta iya yin mita 40 a cikinsa, ko kuma ta wuce ta gefensa da taku biyu ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa ake karkata rijiyoyin su sare shi a gicciye. Wani lokaci ka haɗu da kashin ƙasa sau biyu a rijiya ɗaya, don wani yanki ya hau kan ɗan'uwansa. Wani lokaci ka tarar da Rex a ƙasa, fallen ɓawon kifi a sama, wato shafin ya kife. A wurin ninki kuma, dutse mai laushi yakan matse ya sirance a gefe ya taru ya kumbura a lanƙwasar, kamar tuwo a tafin hannu. Saboda haka ake jera rijiyoyi layi-layi a gicciye da tsaunin. Da farko nesa-nesa, abin da aka samu a kira shi hasashe. A cike tsakani, ya zama kyakkyawan zato. A ƙara cikewa har sabuwar rijiya ta daina ba da mamaki, sannan a ce an auna. Banki na ukun nan yake saurare, da ɗan na biyun.

Lissafin tan ba shi da wuya. Misali kawai: falle mai kaurin gaske mita 3, tsawon kilomita 1, a bi shi mita 100 zuwa ƙasa, kowace mita kubik ta dutsen (mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi) tan biyu da rabi, ka sami tan 750,000. Abin da ke kashe magana shi ne murfin. Shafin yana nutsewa cikin tsauni, tsaunin kuma yana hawa a kansa, duk mitar da ka ƙara zurfi sai ka kwashe dutsen banza fiye da na baya, kuma Rex ba ya kwasuwa sai da nakiya. Akwai zurfin da kuɗin kwashe murfi zai cinye ribar, nan ramin yake tsayawa ko da fosfet ɗin ya ci gaba har ƙasa. Shi ya sa ma'adanan Idaho dogaye ne sirara, suna bin gefen tsauni kilomita da kilomita, ana haƙa gaba ana cike baya.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: na sama ya fi na ƙasa kyau. Ruwan sama da iska, a tsawon zamani, sun wanke farar ƙasa da ragowar halittu daga dutsen da ke kusa da sarari, fosfet ɗin ya ƙara kaso, dutsen ya yi laushin haƙa. Can ƙasa inda ruwan bai kai ba yana nan baƙi ƙirin, da tauri, da ƙarancin kaso. Wanda ya auna a rami kaɗai ya ɗauka haka yake har ƙasa, ya yaudari kansa. Kuma kaso ba shi kaɗai masana'anta ke dubawa ba. Da asid ɗin farar wuta ake narka dutsen a yi supa da sauransu, farar ƙasar da ke ciki kuwa shan asid take yi a banza, don haka in kalsiyam ya haura wajen ninki 1.6 na fosfet ɗin, mai saye zai fara ja da baya. Magniziyam da ƙarfe da alminiyam suna dagula tacewa. Kadmiyam guba ne da ke bin taki ya shiga gona, ƙasashen Turai sun sa masa iyaka.

Idaho ta koyi wani darasin da tsada. Baƙin dutsen tsakiyar nan da ake zubarwa yana ɗauke da siliniyam, wani sinadari da ke zama guba in ya yi yawa. Yana binne ba ya cutar da kowa, amma da aka tara shi tsibi-tsibi a sarari, ruwan dusar ƙanƙara ya riƙa ratsa shi yana wanko siliniyam ɗin zuwa rafuka da ciyawa. A 1996 aka ga dawakan da ke kiwo a ƙasan wani tsohon juji sun kamu har sai da aka kashe wasu, daga baya tumaki da yawa suka mutu, kifin rafukan ma ya taɓu. Tun daga nan mai bincike ba fosfet kaɗai yake aunawa ba. Dole ya auna abin da za a zubar, ya san inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nufa, a tsara yadda za a mai da baƙin dutsen rami a rufe shi. A ganina wannan rabin binciken ne, ba ƙari ba, kuma shi ake fara tsallakewa in kuɗi ya yi ƙaranci.

Sai kai kaya. Ma'adanar Smoky Canyon, da ke kusa da iyakar Wyoming, niƙa dutsen take yi ta dama da ruwa ta tura shi ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 140 zuwa masana'antar taki a Pocatello. Na wasu ma'adanan kuma Soda Springs ake kai shi a narka a murhun lantarki a fitar da fosfaros zalla, wanda ake yin gilaifoset da shi, maganin ciyawar nan da nake zaton yana kan kantarka. A Tunisiya ma haka labarin yake: wani likitan dabbobi na sojan Faransa, Philippe Thomas, ya gano fosfet a tsaunukan kusa da Metlaoui a 1885, amma bai zama dukiya ba sai da aka shimfiɗa layin dogo zuwa tashar ruwa ta Sfax a ƙarshen ƙarnin.

Yanzu Sakkwato. Da gaske ne akwai. Wajen shekaru miliyan 60 da suka wuce wani hannun teku ya ratso Sahara daga arewa ya kwanta a kwarin da ya haɗa Sakkwato da Tahoua da gabashin Mali. Shi ya bar dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai dutsen laka da masana suka ba sunan Dange, mai ƙasusuwan kifi da na kada, da jifsam, da dunƙulen fosfet. Na Tahoua da na kwarin Tilemsi a Mali 'yan gida ɗaya ne da shi. Nan babu ninki babu kifewa, shimfiɗun a kwance suke da 'yar karkata kaɗan, ta wannan fuskar mun fi Idaho sauƙi nesa ba kusa ba. Dunƙulen kansu ma masu kyau ne, akwai waɗanda suka haura kashi 30.

Matsalar ita ce shiƙar nan ba ta yi nisa ba. Maimakon falle mai kaurin mitoci na ƙwaya zalla, dunƙule ne a warwatse cikin laka, a sirara-siraran layuka, kamar nama a miyar gidan yawa. Kason dunƙulen bai gaya maka komai a kan filin ba. Tambayar ita ce kilo nawa na dunƙule ke cikin mita kubik guda ta ƙasa, murfin mita nawa ne, kuma da wane ruwa za a wanke lakar a yankin da ruwa ke da tsada. Sannan wa za ka yi gasa da shi? Maroko na riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar fosfet ɗin da aka tabbatar a duniya, shimfiɗunta a Khouribga masu kauri ne a kwance, tana haƙa tun 1921. Togo na fitar da nata tun 1961 daga bakin teku. Kamfanin supa na Kaduna da aka buɗe a 1976 da dutsen Togo ya yi aiki, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko a Disambar 2016 ita ta riƙa kawo fosfet ɗin da masana'antun haɗa taki ke zubawa a kamfa. Ra'ayina, na Sakkwato ya fi dacewa da ƙaramin aiki: a tsince, a wanke, a niƙa lilis, ko a ɗan taɓa shi da asid, a sayar kusa da gida. Sai dai ka sani, niƙaƙƙen dutsen da ba a taɓa da asid ba a hankali yake sakin fosfaros, a ƙasa mai tsami yake aiki, kuma manomin da ya saba ganin supa ta nuna a damina ɗaya zai iya dawo maka da ƙorafi.

In wani ya kawo maka dunƙule da takardar gwaji yana neman ka sa hannun jari, fara tambayarsa lasisin bincike, don a dokar ma'adinai ta 2007 duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, takardar gona ba ta isa ba. Sannan ka ce a haƙa ramuka a gabanka, mita ɗaya faɗi mita ɗaya tsawo, a jere bisa tazara ɗaya, ba inda shi ya nuna ba. A kowane rami a auna zurfin murfi, a auna kaurin layin dunƙule, a ɗora duk ƙasar layin a sikeli, a wanke ta a rariya, a shanya abin da ya rage a sake aunawa. Daga haɗin dukkan ramukan za a ɗebi samfur, a raba shi biyu, a kai ɗakunan gwaji biyu da ba su san juna ba, kuma a ce su auna har da ƙarfe da alminiyam da kadmiyam.